Yadda Ake Ɗaura Ƙarfen Kariyar Injin a Babban Babur, Mataki-Mataki

Tun da na ɗaura wa babur ɗina, V-Strom 650 na Suzuki, ƙarfen kariya, wanda makanikanmu ke kira gad, duk inda na kafe shi sai wani ya tsuguna ya leƙa, sannan tambayoyi su biyo baya: ina aka sayo, nawa ne, wa ya ɗaura, mai walda zai iya haɗa irinsa? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar gidan mai, shi ya sa na zauna na jera ta yadda mutum zai bi da hannunsa, ko ya tsaya a kan makanikinsa har a gama.

Waɗannan babura masu ratsa kwalta da daji nauyi ne da su. V-Strom 650 ya haura kilo 210 da mai a tanki, Ténéré 700 na Yamaha, wanda ya ci sunan hamadar nan ta Nijar, ya ɗan haura kilo 200, R1250GS na BMW kuwa yana dab da kilo 250. Yawancin faɗuwarsu ba a guje take faruwa ba. A yashi ne, ko a laka, ko ka zo juyawa ka sa ƙafa ka tarar da rami. Na taɓa tsayawa a kan babur ɗin abokin tafiyata a tsakiyar wani busasshen rafi, ya kwanta a hankali kamar an kwantar da shi, amma dutse ɗaya da ke ɓoye a yashin ya sami gefen lagireto. Muna ji muna gani koren ruwan nan yana ɗiga, yashi yana shanyewa, ga rana tsaka. A bayan a-kori-kura babur ɗin ya koma gida. Irin wannan ranar ake yi wa gad.

1. Zaɓi wanda aka ƙera wa babur ɗinka

Sunan babur kaɗai bai isa ba, sai da shekararsa. V-Strom 650 ya sauya fasali a 2012, ya sake sauyawa a 2017, kuma ƙarfen wani zubin ba lallai ya zauna a wani ba. Kada ka dogara da shekarar da dillali ya faɗa maka. Idan babur ɗin daga Amurka ya zo, duba lambar shasi da ke wuyansa: harafi na goma shi ne shekarar, C na nufin 2012, H na nufin 2017.

Gad iri biyu ne. Na ƙasa yana rungume injin, na sama yana tsare lagireto da tanki da robobin gefe. Wanne za ka fara saya in kuɗin bai kai na biyun ba? Kwantar da babur ɗin a zuciyarka ka ga abin da zai fara taɓa ƙasa. A GS kawunan injin ne da suka leƙo hagu da dama, don haka na ƙasa ne farilla. A Ténéré 700 famfon ruwa yana ƙasa ta hannun dama, a fili. A V-Strom yawancin waɗanda ake sayarwa guda ne mai rufe gefen injin ya hau har gefen lagireto.

Abin da nake dubawa kafin komai shi ne wuraren kamawa. Ina son kowane ɓari ya kama babur a wuri biyu ko uku, kuma a sami sandar da ta haɗa hagu da dama ta gaba, domin duka in ya sauka a ɓari ɗaya, ɗayan ya taya shi ɗauka. Bututun masu kyau kaurinsa kan kai milimita 25 zuwa 27.

Gargaɗi: idan kana da farantin da ke kare ƙarƙashin injin, ko kana da niyyar sa shi, tabbatar ba rami ɗaya suke nema da gad ɗin ba. Kamfani ɗaya ya yi su biyun ya fi kwanciyar hankali.

2. Lissafa kuɗin tun daga farko

Na kamfanonin Turai irin su SW-Motech da Hepco & Becker da Touratech na Jamus, ko Givi na Italiya, sukan kama daga wajen yuro 150 zuwa 400, gwargwadon babur da irin ƙarfen. Wanda ba ya tsatsa shi ne mafi tsada. Ka ɗora kuɗin aiko shi, wanda ba ƙarami ba ne saboda kwalin babba ne ga nauyi, ka ɗora na kwastan, da gam ɗin noti, da ladan makaniki in ba kai za ka yi ba. Idan wani ɗan'uwa zai taso daga can ya saka maka a kaya, ka rage kaso mai yawa. Na hannu ma ba laifi, muddin bai lanƙwashe ba, babu tsaga a wurin walda, kuma an haɗo maka da notinansa da zobbansa. Gad ba tare da jakar notinansa ba rabin kaya ne.

Sai batun mai walda, wanda shi aka fi tambayata. Zai yiwu, kuma akwai masu hannu a garuruwanmu da za su lanƙwasa maka bututu ka rantse daga waje ya zo. Amma da sharuɗɗa, kuma ba na sassauta ko ɗaya. Ba a walda komai a jikin firam ɗin babur, da noti ake kamawa. Firam ɗin V-Strom ma alminiyam ne, wuta ta taɓa shi ka gama da shi. A gwada a jikin babur, a yi alama, a cire a kai gefe a yi waldar. Idan dole sai an ɗan ɗiga walda a gad ɗin yana jikin babur don riƙe fasali, a cire kan batir tukuna, don na'urar da ke sarrafa injin ba ta jure wannan wutar. Kada a yi da bututun ruwan famfo mai farin shafi, hayaƙinsa a wuta yana sa zazzaɓi, ga shi ba don wannan aikin aka yi shi ba. Kada kuma a yi da rodi ko ƙarfe marar rami da sunan ƙarko. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Mutum yana so a yi masa abin da ba zai taɓa lanƙwashewa ba, ya manta cewa dukan da gad bai shanye ba, kunnen injin (inda noti ke kamawa) ko firam ne zai shanye shi. Garin neman gira a rasa ido ke nan: gad ya fito lafiya ƙalau, kaskon injin ya tsage. Gad nagari shi ne wanda zai ba da kai ya lotsa, ya bar injin lafiya.

3. Haɗa kayan aiki

Soket daga lamba 8 zuwa 17 da sandar ƙara tsawo, sifanu masu irin waɗannan lambobi, alanki daga 4 zuwa 8, jak ɗin mota ƙarami da guntun katako, salatif na takarda, tsumma, ɗan fetur ko abin wanke birki, alƙalamin fenti, da gam ɗin noti shuɗi, Loctite 243 ko makamancinsa. Babur ɗin BMW da KTM suna son makullai masu bakin tauraro, ka tanade su.

Sai sifana mai auna ƙarfin ɗauri. In ba ka da ita, ara ko ka saya, kada ka fara aikin babu ita. Makaniki zai ce maka hannunsa ya san daidai, shekara ashirin yana ɗaure noti. Ba ƙarya ya yi ba a kan ƙarfen Boxer da Jincheng, amma haƙoran da ke cikin alminiyam ba sa yin gargaɗi kafin su zube.

4. Shirya babur da kayan

Bari injin ya huce sarai. Kafe shi a daɓen siminti a kan jak ɗin tsakiya. In ba shi da shi, sa wani ya riƙe maka shi a miƙe ko ka ɗaure shi, ka sa giya ta ɗaya. Shimfiɗa tabarma ka zazzage kayan kwalin, ka jera notinan bisa tsawonsu kana dubawa da hoton takardar. Sau da yawa biyu za su yi kama, bambancinsu milimita 5 ne kacal, kuma wannan biyar ɗin ita ce komai. Ware na hagu da na dama. Manna salatif a robobin gefe da gefen tanki inda ƙarfen zai gifta, don sai ya goga kafin ya zauna. Ɗauki hoton kowane gefe da wayarka kafin ka kwance komai, musamman yadda wayoyi da tiyo suka bi.

5. Tallafi injin, sannan ka kwance

Nan ne zuciyar aikin. A yawancin waɗannan babura gad yana kama notinan da suka riƙe injin a firam, wato za ka zare noti mai ɗauke da nauyi. Sa jak ɗin mota a ƙarƙashin injin, katako a tsakani, ka ɗaga har ya taɓa ya ɗan karɓi nauyin. Taɓawa kawai, ba ɗaga babur ba.

Gargaɗi: kada jak ya hau kan bututun salansa, ko filtar baƙin mai, ko notin juye mai. A V-Strom filtar tana gaba a fili kuma bututun salansar gaba ya bi ta ƙasa, sai ka leƙa da fitila ka sami wurin da kaskon yake a shafe.

Gefe ɗaya ake yi. Kwance na hagu, rataya ƙarfen hagu, mayar da noti, sannan ka zagaya dama. Wanda ya zare duka gefen biyu lokaci guda, injin zai sauka da ɗan kaɗan da ido ba zai gani ba, ramukan su saɓa, a wuni ana fama. Idan akwai dogon noti da ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, tura tsohon da sabon, yana fita wannan yana shiga, ramin bai taɓa zama fanko ba. Idan ka ji noti ya ƙi zarowa bayan ya kwance, injin ne ya danne shi: ɗan ƙara jak ko ka ɗan rage har ya saki. Ba a sa guduma.

Adana tsofaffin notinan a leda ka rubuta inda kowanne ya fito. Ranar da za ka sayar da babur ko ka cire gad, za ka neme su.

6. Rataya komai a sake

Sa kowane noti da yatsu, zagaye uku zuwa huɗu, ba tare da sifana ba. In ya yi tauri tun a zagayen farko, ya hau a karkace ne, fito da shi ka sake. Zobban tazara su koma daidai inda takarda ta nuna, domin su ne ke hana ƙarfen matse roba ko jan kunnen firam. Haɗa sandar gaba da ta ƙulla hagu da dama, ita ma a sake. A wannan matakin gad ɗin gaba ɗaya ya kamata ya riƙa motsi in ka girgiza shi.

Kowa yana jin sha'awar ɗaure na farko tam don ƙarfen ya daina lilo. Daure ka bar shi. Noti ɗaya da aka ɗaure da wuri shi ke sa na ƙarshe ya ƙi shiga, daga nan a ɗauko ƙarfen taya a yi ta banƙara. Gad da aka shigar da ƙarfi yana zaune ne cikin ja, kullum yana jan wuraren da ya kama, kuma shi ne ke zuwa da karkarwa a hannu da matakin ƙafa, daga baya walda ta tsage. Idan rami ya saɓa da milimita ɗaya ko biyu, sassauta sauran ka girgiza, yawanci zai faɗa. In ya wuce haka, ko dai ka juya wani abu, ko ba na babur ɗinka ba ne.

Gargaɗi a kan tsawon noti: ramin da ke jikin injin mai ƙarshe ne. Noti in ya yi tsawo zai tokari ƙasan ramin, ka ji kamar ya ɗauru alhali gad bai kamu ba, ka ƙara ƙarfi kasko ya fashe. In ya yi gajere kuma haƙora kaɗan zai kama, ya zube su. A alminiyam ana son ya shiga aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa. In za ka sayi wani a kasuwa, duba kansa ka ga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9. Wanda kansa babu rubutu, bar shi a shago.

7. Gam da ɗauri

Da komai ya zauna, zaro notinan ɗaya bayan ɗaya, goge maiƙon haƙoran, ɗiga gam shuɗi ɗigo ɗaya ko biyu, mayar. Jan gam ba na nan ba ne, shi sai da wuta ake kwance shi. Kula kada gam ya ɗiga a robar babur, yana cin ta. Noti mai zoben roba a ciki ba ya buƙatar gam.

Fara da manyan da suka riƙe injin, sai sauran wuraren kamawa, sandar gaba a ƙarshe. Yi zagaye biyu: na farko rabin awo, kana tsallakawa hagu da dama, na biyu cikakke. Na injin, lambar da ke littafin gyaran babur ɗinka ko takardar gad ita za ka bi, ba ta kowa ba. Ga sauran ƙananan, in takarda ba ta faɗa ba, noti mai lamba 8.8 yakan ɗauki wajen Nm 10 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar awo) in mai kaurin milimita 6 ne, wajen Nm 23 zuwa 25 in mai 8 ne, wajen Nm 45 zuwa 50 in mai 10 ne. Sifana ta yi ƙas sau ɗaya, tsaya. Kada ka ƙara mata "na tabbatarwa".

Sauke jak. Ja layin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin ƙarfen. Daga yau kallo ɗaya zai gaya maka ko wani ya motsa.

8. Duba kafin ka tayar

Juya kan babur har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama, ka ga babu abin da ya taɓa, kuma wayar kuloci da ta totur ba su maƙale ba. Kama birkin gaba ka danna da nauyinka, wani ya duba tazarar madigadi da sandar gaba. Zura yatsa tsakanin gad da roba, da tiyon ruwa, da lagireto. Inda yatsa bai shiga ba, nan zai goga, kuma ranar faɗuwa nan zai fasa. Tsakaninsa da salansa ma a sami sarari. Hau ka taka birkin baya, ka sa giya, ka sauke ƙafa ƙasa ka ji ko ƙaurinka na bugun ƙarfe. Duba kuma ko filta da murfin zuba mai suna fita ba sai an kwance gad ba, gara ka sani yau.

Gam yana son awa 24 kafin ya kama sosai. Bar babur ya kwana.

9. Gwaji da sake dubawa

Washegari yi 'yar tafiya, ka bi giyoyin duka kana saurare. Ƙarar ƙarfe ko sabuwar karkarwa a wani gudu na musamman tana nufin wani wuri yana taɓawa ko an ɗaure shi cikin ja: sassauta duka, girgiza, sake ɗaurewa bisa tsari. Shiga kwana a hankali a ranakun farko har ka san ko gad mai faɗi yana kusantar kwalta. Bayan kilomita 50 zuwa 100 duba layukan fenti. Daga nan duk juyen baƙin mai, da duk dawowa daga hanyar burji mai gargada.

Abin da za ka iya rataya masa

Fitilun ƙari suna zama da kyau a kansa, amma ka sa su ta ciki, inda ba su za su fara dukan ƙasa ba, kuma wayarsu ta bi ta fiyus. Ƙananan jakunkuna ma ana ɗaurawa, na tiyub da kayan faci. Kada su tare iskar lagireto. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, injin yana buƙatar duk iskar da zai samu. Jarkar fetur kuwa ba ta da wuri a nan ko kaɗan, kusa da salansa kuma a daidai inda babur ke faɗuwa. In za a ɗora babur a mota, a ɗaure igiya a wuyan shokozoba na ƙasa, ba a gad ba. Haka in za a ja shi.

Ƙafarka fa?

Wannan ina so a ji shi da kyau, don na ji masu cewa sun sa gad saboda ƙafa. A faɗuwar tsaye yakan bar ɗan sarari tsakanin babur da ƙasa, ƙafa ta samu ta zare, wannan gaskiya ne. A karo da gudu labarin daban ne. Binciken Hurt da aka fitar a Amurka a 1981, wanda ya bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa raunin da irin wannan ƙarfe ya rage a idon sawu da tafin ƙafa, ya ƙaru a ƙauri da gwiwa da cinya. Dogon takalmi mai tauri da abin kare gwiwa da hular kwano su ne naka. In babur ya fara tafiya ƙasa a yashi kuma ka ji ya fi ƙarfinka, kada ka tokare da ƙafa kana jayayya da kilo 200. Janye ƙafar ka sake shi ya kwanta a kan ƙarfen da ka saya don haka.

Bayan ya faɗi

Kashe injin nan take, ka kashe makulli. Duba jikinka tukuna. Sa giya don kada ya gangara, in ta dama ya kwanta buɗe jak ɗin gefe kafin ka ɗaga. Juya masa baya, ɗuwawu a gefen sirdi, hannu ɗaya riƙe da kan babur ta ɓarin ƙasa, ɗayan a ƙarfen riƙo na baya, ka tura da ƙafafu da ƙananan taku. Za ka ga gad ya rage maka aiki, don babur bai kwanta shame-shame ba. In akwai mai taimako, shi yana iya kama gad ɗin, amma ya kiyayi salansa.

Ba shi 'yan mintuna a tsaye mai ya koma mazauninsa. Leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, duba ruwa da baƙin mai, sannan ka bi gad da hannu: layukan fenti, bakin kowace walda, da tazarar yatsan nan. In ya matso har yana taɓa lagireto ko tiyo, cusa guntun tsohon tiyub a tsakani ka lallaɓa zuwa gari.

Kada a zura masa dogon bututu a banƙare shi yana jikin babur, duk ƙarfin a kunnen injin zai sauka. A kwance shi, bisa tsarin nan na jak da gefe ɗaya, a miƙe shi a benci. Wanda ya ɗan karkace yana gyaruwa. Wanda bututunsa ya lotse ya yi kwana kamar gwiwa, ko waldarsa ta buɗe, ya gama aikinsa, a sake wani ɓarin. Notin da ya sha duka shi ma a canja shi ko da ido bai ga lanƙwasa ba, ka mirgina shi a kan gilashi za ka gani. Inda fenti ya kankare kuma, goge da sanfefa ka shafa na hana tsatsa sannan baƙi a sama tun kafin damina ta same shi, ka kuma tabbatar robobin da suka toshe bakin bututun suna nan, don ruwan da ya shiga ciki ta ciki yake cin ƙarfe.